Motar da Kamfaninta Ya Ƙi

Samaru, Zariya
Watan Fabrairu

Zuwa ga ɗiyata Winifred,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, da aikin asibiti, da sanyin ƙasar mutane. Mu nan mun gode Allah. Mamanki Naomi, matata, tana fama da ƙafa kamar kullum, amma bakin lafiyarsa ƙalau.

Kafin in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, ina so ki tuna wanda ke rubuto miki. Ni ne Jatau Bernard, yayan mahaifiyarki marigayiya Rachel. Na bar sakandare a aji uku, shekarar da babanmu ya kwanta bai tashi ba. Na yi tallan burodin wani a kaina, da ƙafa, daga Sabon Gari har ƙofar jami'a. Tandata ta farko da laka na gina ta a Palladan, da waɗannan hannayen. Yau rabin ɗaliban Samaru da burodina suke karyawa. Na gina gidan da muke ciki. Na haƙa rijiyar da unguwa ke sha. Da iska ta kwashe rufin majami'armu ni na mayar, ban jira kwamiti ba. Na aurar da ƙannena, na binne iyayena. Ban taɓa tsugunawa gaban ɗan siyasa ba, manajan banki bai san launin tabarmata ba. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to nawa ya ɗauka. Na faɗi wannan ne don ki san in har na ce ina neman abu wurinki, ba ƙaramin abu ba ne.

Barewa ta kwanta.

Kin san ta. Jar motar nan mai kujera biyu, marar rufi, wadda na saya hannun Dokta Albert, Baturen da ke koyar da aikin gona a jami'a, lokacin da zai koma gida. Ba a ma haife ki ba. Ke ce daga baya kike birgima a ƙasa in ba a ɗora ki ba ranar Lahadi. Fiye da shekara arba'in ba ta taɓa kwana a titi ba. Bayan Kirsimeti ina dawowa daga asibitin Shika sai ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi, ta yi shiru. Baba Ayodele, bakaniken da ya tsufa tare da ita, ya buɗe ya tarar ruwa ya haɗu da baƙin mai. Tof silinda ne, wato murfin kan injin. Ya tsage daga ciki, inda walda ba ta kaiwa.

Kada ki ɗauka ban nema ba. Nelson, mai shagon kayan mota a Sabon Gari, ya buga waya Legas da Nnewi har kunnensa ya yi zafi. Ni da kaina na shiga Fanteka a Kaduna, na shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ina riƙe da hoton abin. Wani mai shago ya duba ya tambaye ni ko na injin jirgin ruwa ne. Nelson ya ce in cire injin gaba ɗaya ya sa mini na Beljiyam, ƙaramin na Japan, in huta. Na ce masa ranar da matarsa ta yi mura ya je ya sa mata maƙogwaron wata. Wanda bai ji muryar Barewa a miƙaƙƙiyar hanyar Sakkwato ba, bai san abin da nake faɗi ba.

Ga kuma dalilin gaggawa. Abin da ya kai ni Shika ran nan, ido ne. Likitar ta ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye gefe-gefe, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani rage masa gudu kawai yake yi. Yanzu ina ganin duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu. Na tambaye ta tuƙi fa, sai ta sunkuyar da kai tana rubutu. Ni ba yaro ba ne, na gane. Abu ɗaya nake so: in tuƙa Barewa da hannuna daga ƙofar gidana zuwa majami'a a Sabon Gari in dawo, tun ina ganin titi.

A ƙasar da kike aka ƙera ta. Wanda ya haifi ɗa ba zai rasa tsohuwar rigarsa a ɗaki ba. Ki nemi kamfanin, ki ce musu Jatau na Samaru yana son tof silinda guda ɗaya. Ba kyauta nake nema ba.

Kawunki,
Jatau Bernard

*

Ingila
Watan Maris

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Ya jiki, ya ƙafar Mama? Ni lafiyata ƙalau, sai dai aiki ba ya barin mutum ya zauna. Na karanta takardarka a hoton da Mama ta turo ta waya. Maganar ido ka ajiye can ƙasa kamar ba komai, ita kuwa ta fi tsaya mini. Don Allah ka riƙa ɗiga maganin a kan lokaci, kada ka ce sai ka ji zafi. Wannan ciwon ba ya zafi.

Na nemi kamfanin. Yana nan, amma an sayar da shi ga wasu, kuma sun daɗe da daina ƙera irin Barewa. Suna da wani ƙaramin ofis da ke kula da tsofaffin motocinsu. Na yi magana da mai kula da wurin, sunansa Sebastian. Ya ce abin da ake zuba irin wannan tof ɗin a ciki an narkar da shi tuntuni, ba za a sake yin wani ba. 'Yan kaɗan ne suka rage a ma'ajiyarsu, masu nema kuma sun fi su yawa. Saboda haka ba kowa suke sayar wa ba, sai motar da suka tabbatar tasu ce, kuma tana nan yadda suka ƙera ta.

Kawu, ka lura. Ban ce an ba mu ba. Na ce akwai.

Abin da suke so hoto biyu ne. Akwai wani ɗan farantin ƙarfe mai lamba da suka manna a jikin cesis, ƙarfen ƙasan da ke ɗauke da motar, a ɗauko shi a inda yake. Sai lambar da ke jikin injin. Shi ke nan. Kada ka ƙara komai, ka bar mini sauran magana.

Ɗiyarka,
Winifred

*

Samaru
Watan Afrilu

Ɗiyata Winifred,

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Muna lafiya, zafi kawai ake sha. Maganin ina ɗigawa, Mamanki ta mayar da kanta ɗan sanda a kai.

Da na kai wurin da kika ce akwai, sai na ajiye takardar na sa aka yanka zakara. Wannan maganar taki ta “ban ce an ba mu ba” kuma na gane ta, kunya ce irin ta uwarki, ita ma ko ta gama tuwo sai ta ce ba ta san ko zai ciwu ba. Ranar Lahadi na tashi na ba da shaida a gaban jama'a. Nelson yanzu in ya hango ni sai ya cire hula. Baba Ayodele ya wanke injin da kananzir ya rufe da zane, jira kawai yake.

Sai batun hoto biyu. Haba Winifred, fasfo zan yi? Mutanen da suka ƙera mota suka sallame ta zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba, ai ya kamata su san yadda aka riƙe musu amana. Na kira mai hoto daga bakin jami'a, ya ɗauki ko'ina. Ga bayanin.

Cesis ɗin nasu ya ruɓe tun shekarar da ruwa ya shiga mana gareji. Ƙarfensu ba na damina ba ne. Na sayo ƙarfe mai kauri a Fanteka, na zana da alli a ƙasa, na tsaya a kan mai walda har ya fitar da sabo. Na ɗaga ta taƙi ɗaya saboda ramukan titin Kwangila, don yadda suka yi ta ko kwanciyar kare ba ta tsallakewa. Farantin lambar da suke tambaya na ciro shi daga ruɓaɓɓen, na goge shi da toka da lemun tsami, na kafa shi kusa da sitiyari. Don me za a ɓoye lambar girma a ƙasa inda laka take? Yanzu duk wanda ya leƙa sai ya karanta.

Lagireto nasu ba ya jure watan Afrilun Zariya, na sa na akori-kura. Kafiretocinsu guda biyu ba sa shiri da man fetur ɗinmu, na cire na sa ɗaya na tasi, ta daina shaƙewa. Katakon gaban ya tsattsage, wani kafinta a Jushi ya sassaƙa mini na maɗaci. Kujerun jar fata ce ta dukawan cikin birni, ɗinkin hannu. Birki ma ba nasu ba ne, nawa ya fi kamawa. Injin kaɗai ban taɓa ba, don shi ne ranta.

Ki fassara musu wannan duka, kalma bayan kalma. Na san halin 'yan boko, za ki ce ya yi yawa. Na haɗa ki da Allah da nonon da kika sha, kada ki rage ko layi ɗaya. Ba mamaki su buga a jaridarsu. In sun tambayi makarantar injiniya da na yi, ki ce musu aji uku.

A turo ta jirgin sama, kada a sa a na ruwa. Idon ba ya jira.

Kawunki,
Jatau Bernard

*

Samaru
Watan Yuli

Winifred,

Ina fata lafiya ce ta hana ki rubutu. In ba lafiya ba ce kuma, ki faɗa, mu yi addu'a. Mamanki ta ce in ta kira sai ki ce kina bakin aiki, ki gaishe ni, ki kashe. Damina ta yi nisa, masara ta kai ƙugu.

Ba ki san abin da shirunki ya jawo mini ba. Ba na iya wucewa ta layin Nelson. Daga cikin shago zai ɗaga murya ya ce, “Oga Jatau, jirgin ya sauka, ko yana shan mai a hanya?” Maƙwabtansa su kwashe da dariya. A majami'a matan zumunta sun daina tambaya, sai su gaishe ni a hankali kamar mai zaman makoki. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Da na ga haka na ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na ɗauki tsohon tof ɗin na kai wa Malam Tanimu, mai zubin tukwanen alminiyom a Muciya. Kin san aikinsu: su danna tukunya cikin damshin yashi ta bar siffarta, su narkar da tsofaffin gwangwanaye su zuba. Da farko ya ƙi, ya ce shi tukunya da ludayi ya sani. Na yi ta zarya har ya yarda. Sai ya ce wajen ba wuya, amma hanyoyin ruwan da ke ciki ba zai iya yi ba sai ya gan su da idonsa, kuma ba a ganinsu sai an raba abin biyu. Na tsaya ina juya maganar. Na ce ai sabo yana hanya, wannan kuma ya riga ya mutu. Na ce a yanka. Ina tsaye aka sa masa zarto.

Zubi na uku ya fito kamar azurfa. Aka kai wurin masu injin ƙarfe suka daidaita fuskar, suka huda ramuka. Baba Ayodele ya ɗaura. Na murɗa makulli. Winifred, ta tashi. Na ji muryarta, wannan gurnanin da ke shiga ƙirji. Mamanki ta fito daga kicin da muciya a hannu. Ban kai ga sa giya ba Baba Ayodele ya ce in kashe. Ya kama hannuna ya ɗora a kan tof ɗin, don ni ban gani ba. Gaba ɗaya jikinsa zufa yake yi kamar sabon tulu, ruwa na tsattsafowa ta ko'ina. Da na koma wa Malam Tanimu bai yi gardama ba. Cewa ya yi, “Baba, tukunyata daga waje take shan wuta. Ban taɓa yin wadda ke riƙe wuta a cikinta ba.”

Yanzu ba tsoho, ba sabo. Idon hagu ya rufe. Na dama in na miƙa hannu ina ganin tafin, ba na ganin gwiwar. Mamanki ta ɓoye makullin motar burodi, wai na kusa taka akuyar maƙwabta. Akuyar ce ba ta da hankali.

Ki gaya mini gaskiya. Ko kin ji kunyar bayanin kawunki ne kika ƙi kai musu? Ko kin rage, suka ɗauka irin motocin da ake jefarwa a bola ce? Ni ban saba jiran mutum ba, ban iya ba. Kullum da safe ina sa kujera a bakin gareji kamar mai gadi.

Jatau

*

Ingila
Watan Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni ba. Amsar tana hannuna tun kafin damina ta kankama, na rasa bakin da zan faɗa maka. Da na san za ka yanka tsohon, da na faɗa ko da za ka tsine mini.

Ban rage komai ba. Na so in rage, na zauna da takardar na yi ta kallo, amma ka haɗa ni da abin da ba zan iya tsallakewa ba. Na fassara duka, na tura da hotunan.

Sebastian ya ce ya kira abokan aikinsa sun taru a kan hotunan, sun yi mamaki, wani ma ya nemi ya ajiye na kujerun. Amma a ƙa'idarsu, cesis shi ne mota. In an canza shi, wata mota ce daban. Farantin kuma tun da ya bar inda suka manna shi, ba ya shaidar komai, ko a jikin amalanke ana iya kafa shi. Ya ce ba za su iya cewa Barewa tasu ce ba.

Na ɗauki hutu na shiga jirgin ƙasa na je da kaina. Na gaya masa batun idonka. Na ce ba gasa za ka shiga ba, ba sayarwa za ka yi ba, majami'a kawai za ka je ka dawo. Ya cire tabarau, ya ce ya ji tausayi ƙwarai, ya ba ni shayi. Ya ce ko da ya so, an riga an raba sauran. Na tambayi wanda ya sami na ƙarshe. Wai wani mai tara motoci ne, tasa ba ta ma lalace ba, ajiya ya saya don gaba. Na bi ƙungiyar masu irin motar, na rubuta wa duk wanda na samu. Wanda ke da shi ba ya sayarwa, wanda ke sayarwa nasa tsagagge ne kamar naka.

Kafin in fito ya nuna mini rajistarsu, inda suke rubuta kowace mota da suka ƙera da inda ta ƙare. Na ga lambar Barewa. An rubuta ja, an rubuta sunan Dokta Albert. A gaba aka ce an kai ta Afirka, ta ɓata.

Kawu, ka bar Nelson ya sa injin nan. Murya ba za ta zama ɗaya ba, amma sitiyarin naka ne, titin ma naka ne. Ka yi tun da sauran haske. Ban san abin da zan ƙara yi ba.

Ɗiyarka,
Winifred

*

Samaru
Watan Oktoba

Ɗiyata,

Kada ki ga rubutu ya canza ki tsorata. Hannun Mamanki ne, ni ke faɗa tana rubutawa. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, ba yadda take so ba. Muna nan. An fara girbi. Ba ki yi mini laifi ba, abin da na sa ki kika yi.

Na daɗe ina tauna maganar mutumin nan. In tsoho ya sa haƙoran roba, ya sa ƙarfe a ƙugu, ya daina zama ɗan uwarsa ke nan? Da na bar ta ta ruɓe a kan ƙarfensu, kaji na ƙwai a ciki, da tasu ce. Da na tashe ta, ta zama ba tasu ba. Na juya wannan ta kowane gefe, ban sami kansa ba. Kuma ba ni da wanda zan kama. Da a Zariya ne da na san ƙofar da zan buga.

Na bi shawararki. Na aika wa Nelson ya kawo injin. Bai yi dariya ba, ya zo har gida da kansa, ya ce aikin ba zai daɗe ba. Kafin su fara na ce bari in gwada wani abu. Da safe, rana ta fito sosai, na sa aka turo Barewa tsakar gida aka juya hancinta wajen ƙofa. Na shiga na zauna, na kama sitiyari. Na ce wa Mamanki ta ɗaura farin zane ta je ta tsaya a bakin get. Na jira. Na ce mata ta yi sauri mana, me take yi a ɗaki. Sai na ji muryarta daga gabana.

“Jatau, tun ɗazu ina nan. Ina ɗaga maka hannu.”

Na zauna a ciki har rana ta yi zafi. Sannan na ce a mayar da ita gareji, a gaya wa Nelson ya bar injinsa. Ko yau suka turo tof ɗin a kan tire na zinariya, ba ni zan tuƙa ba. Wannan magana ta ƙare, kada ki ƙara wahalar da kanki a kai.

Saura abu ɗaya, shi kuma ba roƙo ba ne. Kin ce sun rubuta ta ɓata. Ƙarya ce a littafinsu, kuma ina raye. Ba ta ɓata ba. Tana Samaru, a bayan gidan burodi, tayoyinta da iska, ana goge ta kowace Asabar. Albert ya ɗan hau ta ya tafi, ni na ɗauke ta duk tsawon rayuwarta. Su riƙe ƙarfensu, su ce ba tasu ba ce, na yarda, tawa ce. Amma ki koma ofishin nan. Ki ce su goge kalmar nan. A ƙarƙashin sunan Albert su rubuta Jatau Bernard, Samaru, Zariya. Ki tsaya a kansu su rubuta daidai, kada su mayar da ni wani abu daban. In sun ba ki shayi kada ki sha sai an gama.

Mamanki tana tambaya wai me zai amfane ni, tun da ba zan gani ba. Na ce ta rubuta wannan ma. Ba zan gani ba. A rubuta.

Kawunki,
Jatau Bernard